Tsarabar Masu Ziyarar Ibada a Turai ta Dauri



Tun daga ƙarni na 12 har zuwa farkon ƙarni na 16, Kiristocin Turai sun kasance mutane ne masu yawan tafiya ziyarar ibada. Manyan wuraren da suke nufa uku ne: Birnin Ƙudus, da Roma, da Santiyago ta ƙasar Sifen, inda suka yi imani kabarin Yaƙub, almajirin Annabi Isa, yake. Tafiya ce ta watanni, galibi a ƙasa, ga 'yan fashi, ga cuta. Saboda haka wanda Allah ya mai da shi gida lafiya yana bukatar shaida, kada a ce yawo ya tafi.

Mai komowa daga Ƙudus yakan riƙo ganyen dabino. Na Santiyago kuwa ƙumbar teku yake ɗinkawa a hula ko a jaka. Amma tsarabar da ta fi yaɗuwa ita ce 'yar lamba ta dalma da kuza, wadda ake zubawa a cikin mazubin dutse, a sayar da ita da araha, har matalauci ma ya samu.

Misalin Kantabari ta Ingila ya isa a tsaya a kansa. A shekarar 1170 waɗansu jarumawa huɗu na Sarki Henri na 2 suka kashe babban limamin garin, Tomas Beket, a cikin majami'arsa. Malaman majami'ar suka tattara jininsa, suka riƙa gauraya ɗan kaɗan da ruwa mai yawa, ana ɗurawa a 'yan kwalabe na dalma. Maziyarci ya rataya kwalbar a wuya, in ya isa gida a ba marar lafiya ya sha. Ba ado ba ne kurum ke nan. A wurinsu albarkar wurin ce aka ɗauko aka kawo wa wanda bai iya zuwa ba.

To, inda albarka ta zama abin sayarwa, ba a rasa rikicin kuɗi. A 1199 Paparoma Inosen na 3 ya ba limaman majami'ar Bitrus ta Roma ikon yin lambobin, su kaɗai. Har Gutenbag, wanda daga baya ya ƙago injin buga littattafai a Turai, ya shiga wannan ciniki wajen 1438, yana ƙera ƙananan madubai domin masu ziyarar Ahen ta Jamus, waɗanda suke ɗaga su sama cikin cunkoso, wai don su kama hasken kayan tsarkin da ake nunawa daga nesa.

A 1538 Sarki Henri na 8 ya sa aka rushe hubbaren Beket, aka kwashe dukiyarsa. Zinariyar ta tafi, dalmar da ba a kula da ita ba ta saura: ɗaruruwan lambobin nan an tono su daga laka a bakin kogin Tems, yau suna ajiye a gidajen tarihi na Landan.