Hunhuna da Huhun Mai Ciwon Daji

Dattawanmu, iyayenmu mata, ƴan'uwa na Tsibiri da na Jiratawa mazauna Sabon Gari, mun gode da zuwanku.

Maganarmu ta yau a kan ƴan'uwanmu ne masu ciwon daji, waɗanda muke tara kuɗi mu aika Yamai, cibiyar ƙasa ta yaƙi da wannan ciwo, inda aka fara gashi da na'ura a 2021. Kuɗin mota muna bayarwa, amma ba mu kula da abin da ke jiran su in sun komo gida ba.

Maganin da ake ƙara musu ta jijiya yana kashe ciwon, amma yana rage fararen ƙwayoyin jini, su ne masu tsaron jiki. Sun fi raguwa tsakanin kwana 7 da 14 bayan ƙarin. A lokacin nan, abin da ba ya yi wa mai lafiya komi yana iya kada su.

Kun san hunhunar da ke kama gujiya da hatsi in sun sha laima a rumbu. Likitoci suna ce wa irinta Aspergillus. Ƙurarta ba ta ganuwa. Kullum muna shaƙar ta, jikinmu yana kashe ta. Amma a huhun wanda tsaronsa ya faɗi sai ta tsira, ta kawo zazzaɓi, da tari, da ciwon ƙirji, wani sa'i har da jini. Tana kama da tarin tibi, amma ba ta jin maganin tibi, balle ƙwayoyin tebur. Nata magani daban ne, sai a asibiti.

Saboda haka ga roƙonmu. Mai shan wannan magani kada ya shiga rumbu, kada ya zauna wurin sussuka da shiƙa, kada ya kwashe taki, ko ya share akurki, ko ya juya harawa. Kada kowa ya ce masa raggo. A yayyafa ruwa kafin a share ɗakinsa, shi yana waje. In iska ta taso da ƙura, ya rufe hanci da baki.

In jikinsa ya yi zafi, awo ya kai 38, ko tsakar dare ne a kai shi asibitin Maraɗi da takardunsa na Yamai. Kada a ce masassara ce, a bari gari ya waye. Mun ba da shawara asusun ƙungiya ya saya wa kowane majinyaci ma'aunin zafi. Dattawa, magana tana hannunku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.