Ba A San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare: Darasi Daga Yaƙin Basasar Angola



Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai bayan an gama jin labarun duniya ya san irin gardamar da kan ɓarke: shin wa ke cin nasara a yaƙin ƙasa kaza? Wannan ya ce gwamnati ce, tun da ta kama gari kaza. Wancan ya ce 'yan tawaye ne, tun da sun tsare hanya. Abin da muke son mu duba yau shi ne mudun da ya kamata mai ilmi ya auna wannan al'amari da shi, musamman idan ƙasashen waje sun tsoma hannu. Za mu ɗauki yaƙin basasar Angola, wanda aka yi daga 1975 zuwa 2002, domin ya riga ya ƙare, muna iya dubansa daga farko har ƙarshe, kuma Nijeriya ta taka rawa a cikinsa.

Bayan da soja suka yi juyin mulki a Fotugal cikin Afrilu 1974, sai sabuwar gwamnati ta yarda ta saki ƙasashen da take mallaka. A Angola ƙungiyoyi uku ne suka yi gwagwarmayar neman 'yanci: MPLA ta Agostinho Neto, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. An tsai da 11 ga Nuwamba 1975 ranar mulkin kai, amma tun kafin ranar ta zo suka auka wa juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tarayyar Sobiyat da Kyuba suka tsaya bayan MPLA. Amurka da Zayar ta Mobutu da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suka tsaya bayan sauran biyun.

To, sau uku a cikin wannan yaƙi taswira ta yaudari masu kallo.

Na farko, a farkon Nuwamba 1975. Sojan Afirka ta Kudu sun kutso daga kudu tun cikin Oktoba, suna kama garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya. FNLA da sojan Zayar sun gangaro daga arewa har Kifangondo, 'yar tafiya kaɗan daga Luanda, babban birnin ƙasar. Mai duban taswira a makon nan sai ya ce MPLA tata ta ƙare. Amma ran 10 ga wata aka fatattaki FNLA a Kifangondo, ga kuma sojan Kyuba na ta sauka. Gari na wayewa Neto ya zama shugaban ƙasa.

Na biyu, a 1976. Afirka ta Kudu ta janye cikin Maris, majalisar dokokin Amurka ta haramta taimaka wa masu yaƙi a Angola, Savimbi ya rasa birnin Huambo ya faɗa daji da 'yan tsirarun mutane. Aka ce shi ke nan, yaƙi ya ƙare. Ashe saura shekara 26. Afirka ta Kudu ta sake raya UNITA, Amurka ta soke dokar nan a 1985, shugaba Reagan ya karɓi Savimbi a fadarsa a 1986, aka ba shi makamai masu kakkaɓo jirgin sama.

Na uku, a 1993. Bayan zaɓen Satumba 1992, wanda Jose Eduardo dos Santos, magajin Neto, ya zo kan gaba, Savimbi ya ƙi yarda, aka koma fagen fama. UNITA ta ƙwace Huambo bayan kwana 55 ana ɓarin wuta, ta mamaye fiye da rabin ƙasar. Ba ta taɓa yin ƙarfi a kan taswira kamar a shekarar nan ba, alhali kuwa a shekarar ce ƙasa ta fara zame mata ƙarƙashin ƙafa.

Idan taswira ba abar dogara ba ce, me za mu duba? Muna ganin akwai tambayoyi uku da suka fi ta amfani.

Tambaya ta farko: me ya kawo mai taimakon, kuma yaushe bukatarsa za ta biya? Baƙo ba ya zuwa yaƙin wani don Allah da Annabi. Afirka ta Kudu tana tsaron mulkinta ne a Namibiya, Amurka da Sobiyat kuma suna cacar bakinsu. Ku dubi faɗan Kwito Kwanabale na 1987 zuwa 1988, wanda har yau kowane ɓangare ke cewa shi ya ci. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, bayansa aka sa hannu kan yarjejeniya a New York cikin Disamba 1988. Namibiya ta sami 'yanci a 1990, sojan Kyuba wajen 50,000 suka gama komawa gida a 1991. Baƙi sun sasanta sun watse, 'yan ƙasa suka ci gaba da kashe juna shekara goma sha. Zanen aro ba ya rufe katara.

Tambaya ta biyu: idan baƙi suka tafi, aljihun wa zai jure? Gwamnatin Luanda tana da man fetur, yawancinsa a cikin teku, inda ɗan tawaye ba ya kaiwa. Abin mamaki ma, a shekarun 1980 kamfanin Amurka ne ke haƙo man Kabinda yana biyan gwamnatin da Amurka ke yaƙa, sojan Kyuba kuma na gadin wurin. UNITA kuwa da lu'ulu'un lardin Lunda ta dogara, wanda sai an yi fasa-ƙwaurinsa ta maƙwabta. Da Mobutu ya faɗi a 1997, babbar ƙofa ta rufe. A 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana sayen lu'ulu'un UNITA. A 1999 ta rasa Bailundo da Andulo, manyan sansanoninta.

Tambaya ta uku: wa duniya ta yarda shi ne gwamnati? A nan ne Nijeriya ta shigo. Da fari ra'ayinta shi ne a kafa gwamnatin haɗin gwiwa, amma da ta tabbata sojan wariyar launin fata sun shiga Angola, sai gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da MPLA cikin Nuwamba 1975. A taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa cikin Janairu 1976, inda Murtala ya yi mashahurin jawabinsa, ƙasashe sun rabu 22 da 22, amma wata na gaba ƙungiyar ta karɓi gwamnatin Neto. Savimbi ya sami bindiga daga Afirka ta Kudu, ya yi asarar mutunci a idon Afirka. Ita kanta Amurka ta amince da gwamnatin Luanda cikin Mayu 1993, daidai lokacin da UNITA ke ganin ta ci gari. Wanda ya auna da waɗannan mudaye uku a shekarar nan, da ya hango ƙarshe. An kashe Savimbi a lardin Moshiko ran 22 ga Fabrairu 2002, aka sa hannu kan tsai da wuta ran 4 ga Afrilu.

'Yan'uwa, akwai lissafin da ba ya shiga gardamarmu ta ɗaki. An ƙiyasta mutum 500,000 ko fiye sun halaka, wajen miliyan 4 sun bar gidajensu, gonaki suka cika da nakiyoyi masu cire ƙafar manomi shekaru bayan an ajiye bindiga. MPLA ta riƙe mulki, Kyuba da Amurka kowa ya ce bukatarsa ta biya, amma matar da ta binne 'ya'yanta a Huambo ba wanda ya tambaye ta ko wa ya ci.

Daga cikin waɗanda ke zaune a zauren nan za a sami 'yan jarida da jakadu da hafsoshi da masu ba shugabanni shawara. Kuskuren auna yaƙi ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda aka ruɗa cewa nasara na kusa shi ke ƙin zaman sulhu, kamar yadda Savimbi ya yi. Saboda haka in kun ji an ce gari kaza ya faɗi, kada ku yi saurin tafi ko jaje. Ku tambayi wa ke biyan kuɗin harsashi, har yaushe zai ci gaba da biya, kuma wa zai rage a ƙasar bayan baƙi sun kama hanya.

Allah ya kiyashe mu da fitina, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.