Wa ke da ikon aza kuɗin fito? Hukuncin kotun ƙolin Amurka a idon mutumin Ƙonni

Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa, malaman makaranta da matasa a Birnin Ƙonni. Mun kawo shi ga masu karatu kamar yadda aka faɗe shi.

Iyayena dattawa, malamai, alhazai ƴan kasuwa, uwaye mata, da ku samarin da kuka taso tun daga Malbaza da Galmi da Ilela da Badagishiri, ina gaishe ku da zuwa.

An nemi in yi magana bisa wani hukunci da kotun ƙolin Amurka ta yanke ranar 20 ga watan Fabrairu na shekarar 2026. Na san akwai mai cewa cikin ransa: mi ya haɗa mai albasa a Galmi da alƙalan Washington? Abin da ya haɗa su shi ne tambayar da aka aza gaban alƙalan nan, wadda mutumin kan iyaka ya fi kowa sanin nauyinta. In kaya suka iso bakin duwan, wa ke da ikon cewa ga abin da za a biya? Mutum guda ne da alƙalaminsa, ko kuwa wakilan waɗanda kuɗin za su fito daga aljihunsu?

Tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, ya danƙa wa majalisar dokoki ikon aza haraji da kuɗin fito. Akwai dalili. Ƙasar kanta daga rigimar haraji ta samo asali, lokacin da Ingila ke aza wa mutanenta kuɗi bisa takarda da ganyen shayi alhali ba su da wakili ko guda a majalisar London. To amma da tafiya ta yi nisa, majalisar ta yi ta ara wa shugaban ƙasa gutsuren wannan iko, kowane gutsure da sharaɗinsa: wani sai an yi bincike, wani an yanka masa kwanaki, wani an ƙayyade masa iyakar kuɗin. Ban da waɗannan, a 1977, zamanin Jimmy Carter, ta kafa wata doka domin halin ta-ɓaci, wadda ta ba shugaba damar riƙe dukiyar abokan gaba da daidaita shigowar kaya in wata barazana ta taso daga waje. Da ita aka riƙe kuɗin Iran a 1979. Kusan shekara hamsin babu shugaban da ya taɓa aza kuɗin fito da ita.

Sai Donald Trump ya dawo mulki a 2025. A watan Fabrairu ya ce miyagun ƙwayoyi da ke shiga ƙasarsa ta-ɓaci ne, ya aza kuɗi bisa kayan Kanada da Meziko da Sin. Ranar 2 ga Afrilu ya ce giɓin ciniki tsakanin Amurka da sauran duniya shi ma ta-ɓaci ne, ya aza aƙalla kashi 10 cikin 100 bisa kayan kusan kowace ƙasa. Nijar ta samu kashi 10, Najeriya 14, ƙaramar ƙasar Lesoto kuwa har 50. Yau a ɗaga, gobe a sauke, jibi a dakatar, duka da sa hannun mutum guda.

Ina so ku lura da waɗanda suka kai ƙara. Manyan kamfanonin da ke da lauyoyi ɗari-ɗari yawancinsu shiru suka yi, suna tsoron fushin fada. Waɗanda suka fito ƙananan ƴan kasuwa ne. Sunan da shari'ar ta ɗauka, Learning Resources, na wani kamfanin iyali ne a jahar Illinois mai sayar da kayan wasan yara da na koyon karatu. Tare da shi akwai wasu ƙananan masu shigo da kaya, da jahohi 12. Kotun ciniki ta ba waɗannan masu shigo da kaya da jahohin gaskiya ranar 28 ga Mayun 2025, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 29 ga Agusta, kotun ƙoli ta saurari ɓangarorin ranar 5 ga Nuwamba. Da hukunci ya fito, alƙalai 6 ne suka rinjayi 3. Shugaban kotun, John Roberts, shi ya rubuta shi, kuma hujjarsa mai sauƙin fahimta ce ko ga wanda bai je lakwal ba: dokar 1977 ta yi maganar daidaita shigowar kaya, ba ta ambaci kuɗin fito ba ko sau ɗaya, kuɗin fito haraji ne, haraji na majalisa ne, in majalisa na son ta ba da aron iko mai girma haka, sai ta faɗa ƙarara.

Daga cikin shida ɗin nan akwai Neil Gorsuch da Amy Coney Barrett, waɗanda Trump da kansa ya naɗa. A wurinmu an ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Su waɗannan biyu ba su ɗauki kujerarsu a matsayin lada ba.

Mi ya biyo baya? Shugaban ya fusata ƙwarai. A ranar ya kira ƴan jarida, ya ce yana jin kunyar wasu alƙalan, ya ci mutuncin waɗanda ya naɗa har da ambaton iyalansu. Ƴan adawa na jam'iyyar Democrat suka yi murna, abin da ba ya ba kowa mamaki. Abin lura shi ne cikin jam'iyyarsa ma an samu manya kamar Mitch McConnell da Rand Paul da suka ce kotu ta yi daidai. Amma duk da zagin, ku dubi abin da ya aikata: an daina karɓar kuɗin da kotu ta soke, shi kuma ya koma ya lalubo wata doka ta 1974, wadda ta ba shi damar aza abin da bai wuce kashi 15 ba, na kwana 150 kawai in majalisa ba ta ƙara masa ba. Kuɗin da ya aza bisa ƙarfe da sanholo da wata dokar daban, hukuncin bai taɓa su ba. Wato kuɗin fito bai ɓace ba. An dai maida shi cikin shinge mai ƙofa da makulli, makullin kuma yana hannun majalisa.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma an taɓa yin alƙalan da suka tsaya haka. Tsarin mulkin da aka kaɗa wa ƙuri'a ranar 26 ga Disamban 1992, bayan taron ƙasa, da wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga Nuwamban 2010, dukansu sun ce doka ce, wato dapitoci, ke tsaida abin da za a aza wa haraji, da yawansa, da yadda za a karɓe shi. A takarda ba mu da abin yi wa Amurka hassada. Kuma rabon iko ba baƙon zance ba ne ga mutanen wannan yanki: ɗan Dandaji ta ƙasar Ilela, Mahamadu Isufu, ya aje muƙamin faraminista a Satumban 1994 bayan shugaba Mahaman Usman ya rage masa iko da ƙuduri.

Amma 2009 ce ta fi kama da abin da muke magana. Tanja Mamadu, wanda dattawan nan suka sani tun yana prefen Tawa, ya so tazarce. Ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazey, ta ba da ra'ayi cewa zaɓen raba-gardamar da yake nufi ya saɓa wa tsarin mulki. Washegari ya rushe majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke ƙudurin da ya kira zaɓen. Ranar 26 ga Yuni ya ce ƙasa na cikin hatsari, ya ɗauki ikon ta-ɓaci. Kwana uku bayan haka ya rushe kotun kanta. Aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, sojoji suka sauke shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Kun ga ƙofar guda ce can da nan: ta-ɓaci. Duk shugaban da doka ta matse, ita yake fara ƙwanƙwasawa. Alƙalan Yamai na wancan lokaci ba su gaza na Washington ƙarfin zuciya ba, ina ma iya cewa sun fi su, domin su sun san abin da zai iya samunsu. Inda aka bambanta shi ne washegarin hukunci: can an yi zagi an bi, nan an share alƙalan.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. Ranar 3 ga Maris na 2023 kotun ƙolin Najeriya, bisa ƙarar da jahohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki, saɓanin abin da gwamnatin Buhari ta tsaida. Sai da aka yi kwana goma kafin babban banki ya bi umurnin. Ƴan canjin Ƙonni ba su bukatar in ba su labarin waɗannan makonni.

Wani zai ce: to mi ne ne amfanin majalisa, ba dapitoci ne suka ɗaga hannu ba a 2005 aka aza kashi 19 cikin 100 bisa fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta? Gaskiya ne, su ne. Majalisa ba waliyyiya ba ce. Amma ku tuna yadda abin ya ƙare. Saboda doka ce rubutacciya, an san wanda ya kawo ta, an san waɗanda suka amince da ita, jama'a sun san ƙofar da za su tsaya. Aka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, aka kama Nuhu Arzika da abokansa, kuma kafin Afrilu ta ƙare gwamnati ta janye harajin daga fulawa da madara. Abin da ya faɗo daga sama dare ɗaya ba ya ba talaka ko wannan dama.

Mu kuwa nan mun saba da abin da ke faɗowa dare ɗaya. A Agustan 2019 Buhari ya rufe iyaka, ba a buɗe ƙofar Illela ta jahar Sakkwato ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugabannin CEDEAO suka sake rufe ta da takunkumi, har Maris na 2024. A 2024 hukumominmu suka hana fitar da hatsi, a 2025 suka hana fitar da dabbobi gab da babbar salla, lokacin da mai rago a Badagishiri ya shekara yana jira. A Maris na 2025 shugabannin ƙawancen Sahel suka tsaida kashi rabi cikin 100 bisa kayan da ake shigowa da su daga waje, daidai abin da CEDEAO ke karɓa a da. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa, wasu ma hujja mai ƙarfi. Wanda ya hana hatsi fita yana tunanin tukunyar talaka. Tambayata dai tana nan: wanda abin ya cuta, gaban wa zai kai kuka? A Yulin 2023 an jingine tsarin mulkin 2010, majalisa da kotun tsarin mulki suka tafi tare da shi.

Dalilin da ya sa na nace bisa muhawara shi ne kuɗin fito rabo ne tsakanin ɗiyan ƙasa guda. Ku ɗauki siminti. In aka tsananta kuɗi bisa simintin da ke zuwa daga Sakkwato, ma'aikacin masana'antar Malbaza ya samu kariya, amma malamin makarantar da ke tara kuɗin ɗaki biyu a Ƙonni shi zai biya bambancin. In aka sassauta, magini ya ji daɗi, Malbaza ta rage ma'aikata. Haka nan in muka matsa wa kayan wata ƙasa, ita ma tana iya ramawa bisa albasar Galmi, wadda ba ta jure zama cikin mota bakin iyaka. Ba ɗan ƙasar waje ke biyan kuɗin duwan ba, ko da shugabanni na son a ɗauka haka. Mai shigo da kaya ke biya, ya aza bisa buhu, mai tebur ya aza bisa tiya, uwar gida ta biya daga bakin zanenta. Rabo irin wannan ya kamata a yi shi da rana, gaban wakilin Malbaza da wakilin Ƙonni da wakilin Ilela, kowa ya faɗi abin da mutanensa za su iya ɗauka.

Saura magana guda, kuma ga alhazai nake yin ta. Kotun ƙolin Amurka ba ta tsaida yadda za a maida kuɗin da aka riga aka karɓa ba, waɗanda suka haura dala miliyar 100. Ta bar wannan ga kotunan ƙasa da ita. Kamfanoni da yawa, har da babban kanti irin Costco, sun shigar da ƙara tun kafin hukunci ya fito domin kada haƙƙinsu ya salwanta. Abin da suka dogara da shi takardu ne: ranar da kaya suka shigo, nawa aka biya, da sunan wace doka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nawa ne cikinmu ke aje takardar shaidar biya bayan mota ta wuce duwan? Nawa ne ke tambayar jami'i, cikin ladabi, wace doka ce ta tsaida wannan kuɗi, kuma a rubuta lambarta? Da yawa mun fi son a sasanta bayan mota, a rage mana kaɗan, mu tafi babu takarda. Wanda ya yi haka, ko da wata rana an samu kotun da za ta ce an karɓi kuɗinsa ba bisa doka ba, ba shi da abin nuna mata. Ƙungiyoyinku na masu albasa da masu dabbobi da masu motoci suna iya buɗe littafi guda tun wannan mako, a riƙa shigar da kowane biya da ranarsa da takardarsa.

Wanda ke da tambaya, fili nasa ne.