Kalmar da Gabanta da Bayanta Ɗaya Ne



A zangon da ya wuce, wata yarinya 'yar aji biyu a makarantarmu ta cika bayan littafin lissafinta da kalmomi. Da muka ɗaga littafin da niyyar yi mata faɗa, sai ta ce, "Malam, duba uku. Ta ko'ina ka karanta, uku ce." Muka duba, haka ne kuwa. A ƙarƙashinta ta jera amma, aya, awa, adda, nan, da sunan wanta, Abba. Babu wanda ya koya mata. Da asuba tana karanta allo daga dama zuwa hagu, da hantsi tana karanta boko daga hagu zuwa dama, sai idonta ya saba bin layi ta fuska biyu.

Mako uku ta yi tana wannan farauta, sannan ta watsar, ta koma wasan 'yar gala-gala. Muhimmin abin da muke so mu tattauna a yau shi ne abin da malami zai yi da waɗannan makonni uku.

Ku lura da abin da yarinyar ta gano. Kusan duk kalmomin da ta tara da wasali suka fara. Dalili kuwa shi ne yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka kalmar da za ta karantu daidai ta baya, galibi da wasali take farawa. Da ta gwada kaka, ta samu akak, ranta ya ɓaci, domin kunnenta yana gaya mata kalmar ɗaya ce ko an juya ta. Kunnen bai yi ƙarya ba: gaɓoɓi yake juyawa, ido kuwa haruffa yake juyawa. A nan muka sami ƙofar bayyana bambancin harafi da gaɓa, darasin da muka sha maimaitawa a kan allo ba tare da ya zauna ba.

Daga nan ajin ya ɗauka. Gida ta koma dagi, sama ta koma masa, tafi ta koma fita, daga ta koma gada. Wani yaro ya kawo ƙasa da saƙa, ya tsaya kai da fata sai an sa wa ƙ lanƙwasarta, domin in babu ita, kasa da saka za a samu, ma'ana ta sauya. Wani ya kawo ashsha, aka yi gardama, har suka fahimci cewa sh haruffa biyu ne a rubuce, amma sauti ɗaya ne a baki. Ranar lissafi kuma suka nemo 101 da 2002, muka bar su suka lalubo da kansu cewa shekara ta gaba mai irin wannan siffa ita ce 2112.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mun tashi muna zaurance don ɓoye magana ga manya, muna kacici-kacici a dandali, muna gasar karya harshe. Sai dai da muka riƙe alli, muka ɗauki wasa da harshe a matsayin ɓata lokaci.

Kurakurai biyu muke tsoro. Na farko, mu tsawata wa yaro, ya koyi cewa lura da kalma laifi ne. Na biyu, mu mayar da abin aikin gida da jarrabawa, mu kashe daɗinsa. Mun san ajinmu cike yake, manhaja kuma ba ta jira. Amma minti biyar a ƙarshen darasi, da kusurwa ɗaya ta allo inda yara za su rubuta abin da suka samo, ba za su rage mu da komai ba. Idan sha'awar ta wuce, mu bar ta ta wuce. Yarinyar nan ta manta da jerin kalmominta, amma har yau ba ta karanta kalma sai ta rarraba gaɓoɓinta, kuma ta daina haɗiye wasalin ƙarshe a shifta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu idon ganin irin wannan dama, da haƙurin amfani da ita.