Wajen Wa Mai Tuba Daga Giya Zai Tafi?

 

Ya 'yan'uwa mutanen Takur, haramcin giya ba abin jayayya ba ne. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta yanke magana. Abin da ke gabanmu shi ne wanda ya tuba. Ya rabu da abokan mashaya, mu kuma muna ƙyamar tsayawa kusa da shi a sahu. To, bayan Isha'i wajen wa zai tafi?

Bukhari ya ruwaito cewa an sha kawo wani Sahabi saboda shan giya, har wani ya la'ance shi. Sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

A Amurka, tun 1935 masu neman barin giya suke taruwa suna ƙarfafa juna, kuma a 1989 Musulmin Baltimore suka kafa irin wannan zama bisa Alƙur'ani da Sunna, suka kira shi Millati Islami. Mu da muke haɗuwa sau biyar a yini ai mun fi cancanta da wannan.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu su ware zama mako-mako, tare da malami mai rufin asiri. Amma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke kwatsam shi kaɗai, domin cikin kwana biyu ko uku karkarwa da farfaɗiya kan taso, har su yi kisa. A raka shi asibitin Rasheed Shekoni, likita ya duba shi tukuna.