Ƙullutun Fata a Kan Nono Wanda Ke Kama da Tabo

Mun sha yin magana a kan ciwon dajin nono, wato wanda ke farawa daga cikin nonon. Yau kuma za mu yi magana a kan wani dabam, wanda ke farawa a cikin fata, kuma yakan fito a kan nono. Likitoci suna kiransa DFSP a taƙaice. Wasu likitoci biyu a Faransa, Darier da Ferrand, su ne suka bayyana shi a 1924.

Ba shi da yawa. A cikin mutum miliyan ɗaya, 'yan kaɗan ne ke kamuwa da shi a shekara, yawanci masu shekara 20 zuwa 50. Ya fi fitowa a ƙirji, baya ko ciki, a kan nono kuwa sai jefi-jefi. To me ya sa muka ɗauko shi? Domin binciken da aka yi a Amurka ya nuna ya fi kama baƙar fata, kuma yana da saurin ruɗar mutane.

Yakan fara ne kamar ɗan tauri a fata, ja-ja ko mai duhu, ba ya zafi. Zai iya yin shekaru a haka. Mu kuwa mun saba da tabon da ke kumbura bayan rauni ko huda kunne, don haka mace sai ta ce tabo ne, ta ƙyale. Daga baya sai ya fara tsiro ƙullutai, wani lokaci ya fashe ya zama gyambo. Akwai waɗanda nasu ke ƙara girma lokacin da suke da juna biyu. Abin da ya kamata mu lura da shi ke nan: tabon da ya fito ba tare da rauni ba, kuma yana ta girma.

Hoton nono kaɗai ba ya tabbatar da shi. Sai an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba, a kuma yi masa wani gwaji mai suna CD34. Asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya, na Jos da na Aminu Kano suna da ɗakin gwajin nama.

Nan ne muke so mu tsaya kaɗan. Wannan ciwo yana da saiwa kamar ƙiri-ƙiri, tana bi ta ƙarƙashin fata har ta wuce inda ido ke gani. In wanzami ko wani ƙaramin asibiti ya cire ƙullutun kawai, sai ya dawo, sau da yawa ya fi na da girma. Shi ya sa likitan fiɗa yakan haɗa da lafiyayyar fata kamar santimita 2 zuwa 3 a kewaye, a sake duba gefen abin da aka cire ko ya fita tas. Muna roƙonku, duk abin da aka cire muku a jiki, ku tambaya ko an aika da shi gwaji, ku kuma karɓi takardar sakamakon ku adana.

Ga abin kwantar da hankali. Da wuya ya bazu zuwa wasu sassan jiki, kuma in an zo da wuri, galibi ba sai an cire nonon duka ba. Inda fiɗa ba za ta yiwu ba, akwai ƙwayar imatinib, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita domin wannan ciwo a 2006, sai dai tana da tsada. Wasu kuma akan yi musu gashi bayan fiɗa.

Bayan aiki, a riƙa komawa likita ya duba wurin kamar kowane wata 6, musamman a shekara 3 na farko, domin a lokacin ne ya fi dawowa. Maigida, kuɗin motar wannan komawa yana cikin kuɗin magani, a tanade shi tun kafin a sallamo ta.