Adamu Baikie da Fasahar Koyarwa a Zariya

Fasahar koyarwa fanni ne da ke nazarin amfani da hoto, rediyo, majigi da kwamfuta wajen isar da darasi. Cikin waɗanda suka share mata fage a Arewa akwai Farfesa Adamu Baikie, wanda ya yi makarantar mishan ta Wusasa. Ya yi digirin digirgir a Amurka, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, daga bisani ya shugabanci Jami'ar Benin daga 1978 zuwa 1985.

Sabon dakta a wannan fanni yau yakan fara da koyarwa, duba ayyukan ɗalibai da wallafa bincike, domin da wallafa ake samun ƙarin girma. Babban abin da ke ɗaure masa hannu shi ne ƙarancin wutar lantarki da tsadar intanet a makarantun da zai gwada bincikensa.